Waɗanda suka taɓa zuwa Izmir, ku faɗa mana abin da kuka gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina shirin tafiya Turkiyya da iyalina, kuma bayan Istanbul muna so mu leƙa Izmir, tsohon birnin tashar jiragen ruwa da ke gabar yammacin ƙasar. An ba mu shawarar mu wuce kai tsaye zuwa kufan Afisa, tsohon birnin zamanin Girkawa da Romawa da ke kudu da Izmir, mu bar garin. Ina roƙon duk wanda ya taka ƙafarsa can ya gaya mana ko garin kansa ya cancanci a tsaya masa.

Wani ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka karɓi wannan shawarar. Ka fara daga dandalin Konak, inda hasumiyar agogo take, wadda aka gina a 1901 domin cikar Sarki Abdulhamid na Biyu shekara 25 a kan gadon mulki. Bayan dandalin ne kasuwar Kemeralti ta fara, kuma ita ce zuciyar garin, domin ba don baƙi aka ƙawata ta ba. Mutanen gari ne ke sayen kifi, zaitun, busasshen ɓaure da kayan aure a lungunanta. Na yi sallar azahar a Masallacin Hisar, sannan na zauna shan shayi a tsakar wani tsohon masaukin fatake da ake kira Kizlaragasi. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne wanda ya gina shi a 1744, Haji Bashir Aga, ɗan asalin Habasha ne da aka kai shi a matsayin bawa, har ya zama babban mai kula da cikin gidan Sarkin Daular Usmaniyya. Na daɗe zaune ina kallon ɗakunan da fatake suka riƙa sauke kayansu.

Wata Hajiya: Malam, tunda da yara za ka je, ka sayi katin sufuri na garin, domin da shi ake shiga bas, jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Ƙetarawa daga Konak zuwa unguwar Karshiyaka ta ruwa ita ce abin da 'ya'yana suka fi jin daɗi, ga shi kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mun kuma hau Asansor, na'urar hawa da wani attajiri Bayahude mai suna Nesim Levi ya gina a 1907 saboda mutane su huta da hawan matakala, kuma daga samanta ana ganin mashigin tekun gaba ɗaya. Sai dai ka sani cewa yawancin gidajen abinci na bakin ruwa, wato Kordon, suna sayar da giya. Mu mun fi sakewa da cin abinci a cikin kasuwa.

Wani ɗalibi: Gaskiya ne, Hajiya. Zan ƙara da abin da ya rikita ni da farko: gari mai dubban shekaru, amma tsakiyarsa cike da gine-ginen zamani. Dalili shi ne gobarar watan Satumba na 1922, a ƙarshen yaƙin Turkiyya da Girka, wadda ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa, mutane da yawa suka mutu, sauran suka bar garin. Babban lambun Kulturpark a kan tokar waɗannan unguwanni yake. Wanda ke son ganin tsohuwar Simirna, wato Izmir ta zamanin da, sai ya je Agora, dandalin Romawa da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasa ta shekarar 178.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To, ya batun Afisa?

Wani ɗalibi: Ka ware mata yini guda, ranka ya daɗe. Jirgin ƙasa daga tashar Basmane zai kai ku Selcuk, garin da ke kusa da kufan, tafiyar kimanin kilomita 80. Ku yi sammako, musamman a watannin Yuli da Agusta, domin babu inuwa a kan titunan Afisa da aka shimfiɗa da duwatsu. Akwai kogo a kusa da ake dangantawa da Ashabul Kahfi, amma wasu wurare a Turkiyya da Jodan ma suna da wannan da'awa, don haka kada a gaya wa yara cewa tabbas shi ne. Idan la'asar ta same ku a Selcuk, Masallacin Isa Bey da aka gina a 1375 yana gindin tudu, ba nisa da tashar jirgin.