Gwajin ƙwaya: har ƙungiyoyin unguwa ko a tsaya kan manya?

Koci Fagge: Salamu alaikum. Ni fa ina nan kan bakana, tunda an sa hannu a dokar hana 'yan wasa shan ƙwayoyin ƙara kuzari a Najeriya a 2025, ya kamata gwamnati ta tilasta wa kowace ƙungiya gwajin fitsari har 'yan dambe da kulob ɗin unguwa, wanda ya ƙi a hana shi rajista.

Mai kemis: Koci da kuɗin wa? Wannan gwajin ba irin na maleriya ba ne, waje ake kai samfurin. Kulob ɗin da ko ƙwallo sai an yi karo-karo ake saya?

Koci Fagge: Rashin gwajin ne ya kunyata mu a Olamfik ɗin Tokiyo a 2021, 'yan wasanmu 10 aka hana shiga gasa kuma ba ƙwaya aka samu a jikinsu ba fa, kawai ba a yi musu gwaji uku da ake buƙata kafin gasar ba. Yara sun yi shekaru suna atisaye suka dawo ko fili ba su taka ba, har yau abin na ci min rai wallahi.

Baffa Gwale: Wannan laifin shugabanni ne ɗana, su za a fara matsa wa. Amma akwai masu shan da gaske, 'yar tserenmu Blessing Okagbare shekara 11 aka dakatar da ita, kuma zinaren da matanmu suka ci a gudun miƙa sanda a Ingila 2022 ƙwace shi aka yi saboda mutum ɗaya.

Mai kemis: Baffa ni abin da idona ke gani nake faɗa. Rannan wani yaro da bai wuce 17 ba ya shigo shagona gwiwa a kumbure ya ɗaure ta da tsumma, wai in ba shi tiramol yana da wasa da la'asar kuma masu zaɓen 'yan wasa za su zo kallo, na hana shi na ce ya je a duba ƙafar ya fita yana hawaye, kuma na san wani wajen ya nufa. Bai ma taɓa jin cewa tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, ta haramta tiramol lokacin gasa ba. A ƙa'idarsu duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhaki ko ka sani ko ba ka sani ba. Irin wannan za a dakatar kafin a koya masa?

Koci Fagge: In ba tsoron gwaji ba zai daina ba Malam.

Mai kemis: Ciwo ne ya kawo shi Koci. A fara wajabta wa kulob mai duba rauni a bakin fili da takardar magungunan da aka hana, da Hausa.

Baffa Gwale: Ni dai na fi karkata nan. A yi gwajin a Firimiyar Najeriya da gasar wasanni ta ƙasa tukuna. Koci kai yaranka sun san jerin magungunan?

Koci Fagge: Gaskiya a'a Baffa. Malam turo min, ranar Asabar kafin atisaye zan karanta musu, amma maganar gwaji ban janye ba.