Abin da na tsinta daga muhawararmu kan kuɗi da kwanciyar hankali

Jama'a, na bi maganganunku daga farko har ƙarshe. Ga su a taƙaice:

1. Kusan kowa ya yarda akwai damuwar da kuɗi ne maganinta: haya, kuɗin makaranta, jinyar mara lafiya. Masu albashi suka fi nanata wannan. Sun ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi, ko da aka ƙara shi zuwa naira 70,000 a 2024, ba ya kai magidanci ƙarshen wata, don haka wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ya daina yi wa talaka wa'azin raina kuɗi. Ni ma nan na tsaya.

2. An rabu a kan ko kuɗi ne ke kawo farin ciki. Wasu sun tuna ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mai miliyoyi a banki ya koma neman bashi wajen mai shagon unguwa, kuma mutuncinsa ne ya sa aka ba shi. Wasu suka ce ai don an san zai biya ne.

3. Shawarar da ba wanda ya musa: kada a ci bashi don burga wajen biki ko lefe, adashi kuma sai da mutanen amana.