Kasuwar Pitowa ta hana ni sujadar Lahadi, ga maganar aure ta taso

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina zaune a Garwa, ƙasar Kamaru, ina sayar da silifa da bokitai da kofunan roba. Kayan ba nawa ba ne duka, rabi na kawuna ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye, shi ke biyan kuɗin ɗaki, shi ke karɓo kaya bashi wurin dillali mu biya duk Litinin. Cinikin cikin gari ba ya rufe bashin, sai na kasuwar Lahadi a Pitowa, wani gari kusa da Garwa. Tun asuba muke ɗaure kaya, ba na dawowa sai dare. Don haka rabona da majami'a tun Ista. Ina jin wa'azi a waya, baikona na majami'a kuma ina aikawa ta hannun maƙwabcina. Yanzu ikilisiyar yarinyar da zan aura sun ce in kawo takardar shaida daga fastona, sakataren majami'armu ta Garwa kuma ya ce dattawa ba su san ni ba. Yaya zan yi? Kuma zunubi nake yi?

Dattijo daga Yelwa: Ɗana, ka ba mu labarin kawunka har da ranar biyan bashi, amma ba ka faɗi ikilisiyarka ba. EFLC ce, ko EELC, wato ikilisiyoyin Lutheran na Kamaru, ko wata? An yi maka baftisma? Katinka na zama memba yana ina, Garwa ko ƙauye? Takardar da ake nema ba kyauta ba ce, shaida ce. Fasto zai sa hannu cewa ana ganinka a sujada, kana cin Jibin Ubangiji, ba ka ƙarƙashin horo, ba ka da wata mata a ɓoye. Ta yaya zai shaida abin da bai gani ba? Waya tana kawo maka wa'azi, amma ba ta miƙa maka gurasa da ƙoƙo. Karanta Ayyukan Manzanni 2:42, abu huɗu ne a wurin: koyarwar manzanni, zumunci, gutsura gurasa, addu'a. Kai ɗaya ka riƙe, ko biyu in mun yi maka adalci. Ibraniyawa 10:25 kuwa ta hana mu barin taruwa, kuma dalilin yana aya ta 24: mu riƙa zuga juna ga ƙauna da aiki nagari.

Mai tambaya: Baba, Lutheran ne ni, an yi mini baftisma tun ina jariri. Kati yana ƙauye. Amma ai ban bar bangaskiya ba, kullum ina addu'a.

Maman mawaƙa: Baba dattijo, da girmamawa, tun Ista yaro ya ɓace, wa ya je ɗakinsa? Baikonsa yana shiga, ba wanda ya ce mai kuɗin nan yana ina. Sai ranar takarda ake tunawa ba a san mutum ba. Ga sanarwa kaɗai tana cin kusan awa, a yi baiko na farko, a yi na gini, a yi na godiya. Ɗan kasuwa ya shiga ƙarfe tara ya fito ƙarfe ɗaya, wane ciniki ya rage masa?

Ɗan'uwa Katolika: A wurinmu Mas na yammar Asabar yana cika farillar Lahadi, yana cikin dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 1248. Rashin lafiya ko kula da jariri uzuri ne, Fada kuma yana iya ɗage wa mutum idan da dalili. Ka tambaya ko naku suna da irin wannan.

Dattijo daga Yelwa: Dokarku ce wannan, ba ta aiki a kan takardarsa. Mama, maganarki ta kai ziyara gaskiya ce, amma ba ita za ta ɗaura auren ba. Ɗana, matsalarka ta farko ma ba kasuwa ba ce, sunanka ne ba ya cikin littafin Garwa. Ka aika ƙauye, mai bishara ko faston can ya rubuto takardar sauya wuri, da ranar baftismarka, da ta tabbatar da bangaskiyarka in ka yi ajin. In ba ka yi ba, sai ka shiga aji tukuna, kuma wannan ba aikin mako biyu ba ne. Sannan ka je wurin fasto da kanka ranar aiki, ba Lahadi a bakin ƙofa ba, ka tafi da maƙwabcin nan da ke kai baikonka. Ka tambayi ranar Jibi, ranar kam ka bar kasuwa ko me za a yi. Taron addu'a na tsakiyar mako da na unguwa, kada ka fasa ko ɗaya. Abin da ke ɓata wa samari lamari shi ne su sa ranar biki, su buga katin gayyata, kafin a yi sanarwar aure a majami'a. In dattawa suka ce a jira, sai rigima da surukai.

Mai shago a babbar kasuwa: Pitowa ba ta kai kilomita 20 daga Garwa ba, kuma akwai majami'u a can. Kasuwar ƙauye ba ta cika sai rana ta ɗaga. Ka isa da wuri, ka baje kaya, ka ƙirga dozin nawa ka fitar, ka rubuta a littafi da farashin ƙarshe na kowane abu, ka sami yaron da zai tsare maka kaya, ka bar masa canjin da bai wuce sefa 2,000 ba. In ba ka rubuta farashi ba, masu taya kaya za su cinye yaron, kai kuma ka ce sata ya yi. Ka shiga sujadar farko, ka gaisa da mai bisharar can ya san fuskarka.

Shugaban matasa: Duk kwana-kwana ne wannan. Matiyu 6:33 ta ce a fara neman Mulkin Allah. Ka bar kasuwar Lahadi gaba ɗaya, Allah zai buɗe wata ƙofa.

Mai shago a babbar kasuwa: Dillali zai karɓi aya ranar Litinin?

Mai tambaya: Na gode, amma ba ku san kawuna ba. Ba ya yarda kowa ya taɓa kuɗi sai ni. Kuma an ce mini sujadar safe a can da Fulatanci ake yi, ni kuwa Fulatancin ciniki kawai na iya. Tsakiyar mako ma ina gajiya. Ni dai ba za a iya ba ni takardar ba, in gyara bayan aure?

Dattijo daga Yelwa: Ba za a iya ba. Ka aika ƙauyen?

Mai tambaya: Ban aika ba tukuna. Dama ina tunanin ko faston ƙauye ya rubuta mini shaidar kai tsaye, tunda shi ya san iyayena.

Maman mawaƙa: To, yarinyar fa, ta san duk wannan?