Neman shawara: hular lantarki da aka ce tana kashe ciwon daji, mu saya wa yayana?

Ɗan Adar, daga Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Sati uku ke nan da aka yi wa yayana aiki a kai a Yamai, aka ciro ƙari. Likita ya ce sunan ciwon giliyobilastoma, wani ciwon daji na ƙwaƙwalwa, kuma sauran gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) da shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin daji). Mun dawo gida ya ɗan huta kafin ranar komawa. Shekaranjiya sai ga wani mutum da wata na'ura mai kama da hula, ana jona ta da wutar gida. Ya ce kowace ƙwayar jiki tana da ƙashinta, lantarki kuma yana karya ƙashin ƙwayoyin daji, wai haka ake yi yanzu a Amurka. Minti 30 safe da yamma, jikka 400, kuma in an fara ba sai an koma asibiti ba. Inna ta ce a kai shanu biyu kasuwa ranar Lahadi. Ni zuciyata ta rabu biyu. Don Allah masu sani, da gaske ne?

Malamin lise, daga Yamai:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Mutumin ya ɗauko gaskiya ce ya lulluɓe hajarsa da ita, shi ya sa maganar ta shiga kunnenku.

Ƙwayar halitta tana da abin da ke riƙe ta daga ciki, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Ba ƙashi ba ne irin namu, zarurruka ne na furotin. A cikinsu akwai wasu siraran bututu da aka gina da furotin mai suna tubulin. Ɗalibaina kan tuna sunan da tubali, kuma kwatancen ya zauna, don ɗaya bisa ɗaya ake jera su, layi 13 a kewaye, bututun ya tashi da kaurin nanomita 25, wato sai ka haɗa dubbai kafin su kai silin gashi. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, waɗannan bututun ne ke jeruwa su ja kayan gado, rabi nan rabi can. Shi tubulin caji bai rabu daidai a jikinsa ba, wani gefe ya fi wani. Ka san yadda matajin roba ke ɗaukar ƴan takardu da hunturu in ka goga shi a gashi, tun bai taɓa su ba? Irin wannan jan ne ake so ya dagula jerin tubalin a daidai lokacin rabuwa, ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Ƙwayoyin daji ba sa hutawa da rabuwa, na ƙwaƙwalwar babban mutum kuwa akasarinsu sun daina, shi ne hikimar.

Wani farfesa ɗan Isra'ila, Yoram Palti, shi ya faro aikin, na'urar kuma sunanta Optune. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, ta faɗaɗa izinin a 2015. Har yau masana na gardama kan ko tubulin ne kaɗai abin ke taɓawa, don wasu sun lissafa sun ce jan ya yi rauni da yawa. Amma abin da ya shafe ku shi ne: ita wannan ba hula ba ce da ake sawa a cire.

Mai gyaran wuta, Wadata:
Malam ya yi bayani, ni ga nawa ɓangaren. Wutar gidajenmu volt 220 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Optune tana juyawa sau 200,000 a daƙiƙa, ƙarfinta kuma kaɗan ne, volt 1 zuwa 3 a kowane santimita. Ba dangi ba ne ko kusa. Kada ku aza abin da ba ku san cikinsa ba a kan da aka ɗinke sati uku da suka wuce.

Majo mai ritaya:
Ɗana, saurara da kyau. Ta gaskiyar aske kai ake yi tas, a manna faifai huɗu a fata bisa ga hoton ƙwaƙwalwar mara lafiya, ya rataya batir a jaka, ya zauna da ita aƙalla awa 18 a rana, wata da watanni. Fatar kai ma takan yi ƙuraje. A babban gwajin da aka fitar a 2017, mutum 695 ne suka shiga, kuma dukkansu sai da aka yi musu gashi da shimiyo tukuna. Waɗanda suka haɗa na'urar da maganin temozolomid, tsakiyar abin da suka rayu wata 20.9 ne, waɗanda suka sha maganin kaɗai wata 16. Ka ga ƙari ce a kan magani, ba ta maye gurbinsa ba, kuma ba warkewa aka yi alkawari ba. Kuɗinta a Amurka ya kai dalar Amurka 21,000 a wata, sama da miliyan 10 na sefa. To wa zai kawo muku ita har ƙofar gida a jikka 400?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa kada ku koma asibiti. Wannan ciwon ba ya jira, ana son fara gashi cikin makonni kaɗan bayan aiki. Tun 2021 ana yin gashin nan a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Ku riƙe ranarku.

Maman ƴan biyu:
Ka bi Inna a hankali, ƙanena. Uwa ce, tana ganin ɗanta kwance, ko me aka ce mata za ta kama. Kada ka ce mata an so a cuce ta. Ka ce mata shanun suna nan da ranarsu: kuɗin mota, masauki a Yamai, magani, abincin mai jinya. Ni na yi jinyar mijina, na san yadda kuɗi ke zurarewa.

Ɗan Adar:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa kawu duka, shi zai yi wa Inna magana da dare. Baba Majo, in mun koma ranar Talata, laifi ne in tambayi likita maganar ita ta gaskiyar?

Majo mai ritaya:
Ba laifi ko kaɗan, haƙƙinku ne. Ka rubuta sunan a takarda ka nuna masa, ka tafi da sakamakon ƙarin da aka ciro da hotunan kai duka. In kafin Talatar ya fara amai, ko ciwon kai ya tsananta, ko ya yi farfaɗiya, ku kai shi asibiti a take, kada ku jira ranar.