Tambaya kan lambar QR da wasu wayoyi suka ƙi karantawa

Mai kayan fata, Birni:
Assalamu alaikum. Na sa an buga mini lambar QR, wato murabba'in ɗigogin nan da ake ɗauka da kyamarar waya, a kan allon shagona da kuma kan ƙananan takardun da nake ɗaura wa jakunkuna da takalma, domin mai saye ya ɗauka da waya ya same ni a WhatsApp. An saka tambarin shagon a tsakiya, an yi ɗigogin da ruwan ƙasa a kan ja domin su dace da launin fata, sannan an cusa sunan shago da adireshi da lambobin waya biyu a ciki. Wasu wayoyin suna karantawa nan take, wasu kuwa sai a yi ta juya su babu abin da ke fitowa. Ina neman shawara kafin in sake biyan kuɗin bugu, kuma irin ta dindindin nake so, wadda ba a biya mata kuɗin wata.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin yawan bayanin shi ne tushen matsalar. Lambar QR tana da matakan girma 40, mafi ƙanƙanta tana da gida 21 (wato ƙananan ɗigogin da ke cikinta) a tsaye da 21 a kwance, kuma kowane mataki yana ƙara gida 4 har zuwa 177. Duk harafin da ka ƙara yana neman wuri, don haka gidajen suna yawaita suna ƙanƙancewa a kan takardar da ba ta ƙara faɗi ba, kyamarar ƙaramar waya kuma ba ta iya rarrabe su. Ka bar abu ɗaya tak, wato adireshin da ke buɗe WhatsApp ɗinka: wa.me/227 (227 ita ce lambar ƙasar Nijar) sannan lambar wayarka mai alƙaluma 8, ba tare da alamar tarawa ko tazara ba.

Game da tambari, lambar tana ɗauke da ƙarin bayani na gyaran ɓarna a matakai huɗu, L da M da Q da H, waɗanda ke jure lalacewar kimanin kashi 7, 15, 25 da 30 cikin ɗari. Tambarin da aka ɗora a tsakiya ɓarna ce da gangan, saboda haka sai a zaɓi H, kuma kada ya taɓa manyan murabba'ai uku na kusurwa, domin da su waya ke gane tsayuwar lambar.

Mai maɗaba'a, kusa da Kasuwar Dole:
Mai gyaran kwamfuta ya yi bayani mai kyau, amma a wajena launi ne ya fi cutar da kai, Alhaji. Kyamara bambancin duhu da haske take nema, ruwan ƙasa da ja kuwa kusan ɗaya suke a idonta, balle rana ta ci allon ko ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Ka yi ɗigogin da baƙi ko wani launi mai duhu sosai a kan fari, kuma ka bar farin fili mai faɗin gida 4 a kowane gefe, wanda masu zane suka saba yankewa don neman wurin ado. Kada ka turo wa mai bugu lambar a matsayin hoto ta WhatsApp, domin manhajar tana matse hotuna gefunan su dusashe. Ka nemi a ba ka ita a nau'in fayil na SVG ko PDF. Leda mai ƙyalli da ake rufe bugu da ita ma tana mayar da hasken rana cikin kyamara. Ga allo, mun saba auna faɗin lambar da kashi ɗaya cikin goma na nisan mai ɗauka, wato santimita 20 ga wanda ke tsaye a nisan mita 2.

Malamar makaranta, Zango:
Ni dai ban ga amfanin tambari a cikin ƙaramar takarda ba, tunda matakin H shi ma yana ƙara yawan gidaje. A ajiye tambarin a saman lambar, a wajen farin filin. Sannan ka bincika ko ta dindindin ce da gaske: idan ka ɗauka ka ga adireshin wani shafi ya fito a maimakon wa.me, to ta hannun wani kamfani take bi, kuma ranar da ya rufe hanyar duk abin da ka buga ya tashi aiki. Ta dindindin kuwa ba a gyara ta bayan bugu, don haka ka sa lambar wayar da ba ka da niyyar canzawa, kuma ka gwada kwafi ɗaya da tsohuwar waya a rana da inuwa kafin a buga sauran.