Neman shawara: kawunsa ya taya shi editin, yanzu makaranta ta kira shi gaban kwamiti

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya ban runtsa ba. Maganar ɗana na fari ce, shekararsa 17, watan Satumba zai shiga ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka. Tun yana ƙarami ba shi da aiki sai jera ƙannensa yana ɗaukarsu a waya. Bana ya samu gurbi a wani shirin koyon fim na mako shida da wata jami'a ke yi wa 'yan sakandare a dogon hutu, can suke kwana. Babansa bai so ba, shi injiniya yake so yaron ya zama, ya ce ko sisinsa ba zai shiga ciki ba. Ni na kwashe adashina, na sayar da sarƙata na cika. Har yau maganar ba ta mutu a gidanmu ba, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai an tuna min kuɗin fim.

Kowane ɗalibi zai yi fim na minti biyar a ƙarshe. Shi a kan mahaifiyata ya yi nasa, Allah ya jiƙanta, bara ta rasu a Kano ba mu samu zuwa ba. Ita ta rene shi har ya shekara huɗu kafin mu taho da shi. Akwai saƙonnin muryarta da na adana, inda take yi masa kirari tana ce masa maigidana, da hotunan ɗakinta da jeren kwanukanta. Da ya zo gida ƙarshen mako ya ɗauke ni ina dama fura irin yadda take yi. Ranar da na kalla sai da na kulle kaina a ɗaki na sha kukana.

To, shekaranjiya aka aiko masa da imel, wai ya bayyana gaban kwamiti ranar Alhamis ƙarfe goma, kan zargin aikin ba nasa ba ne shi kaɗai, da kuma waƙar da ya sa. Sun cire fim ɗin daga cikin waɗanda za a haska wa iyaye ranar Asabar. Ƙanena da ke Kano yana editin na bidiyon biki, shi ne ya ɗan taya shi. Ɗan taimako ne kawai fa. Me zai ce musu? Kuma wannan zai hana shi samun jami'a?

Alhaji Mai Tasi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki. Shekarata 22 a ƙasar nan, na san halinsu kamar yunwar cikina. Sun ga yaro baƙi, Musulmi, ya fi 'ya'yansu, shi ke nan. Kada ya amsa komai. A nan duk wanda ya ce "na yi" ya gama yawo. Ya ce shi ya yi abinsa, su kawo hujja. Maganar waƙa kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, sashe na 107, ta yi sassauci ga wanda ya ɗauki abu don koyarwa ko nazari. Makaranta ba koyarwa ake yi a cikinta ba? Ki rubuta musu ki ce lauyanki zai kira su, ko ba ki da lauya. Za ki ga yadda jikinsu zai yi sanyi.

Malamar Kwaleji:
'Yar'uwa, sannu, Allah ya jiƙan Hajiya. Ina koyarwa a kwaleji a nan, na zauna a irin wannan kwamitin. Kafin kowa ya ba ki shawara akwai abin da ba ki faɗa ba. Me kawun ya yi takamaimai? Kallo ya yi ya ce gyara nan, ko shi ya zauna ya yanka ya haɗa? Yaron ya sa hannu a takardar ƙa'idoji ranar farko? Shirin na samun maki ne da zai fito a takardar sakamakon jami'ar, ko na shaidar halarta kawai? Na ukun nan shi zai nuna ko abin zai bi shi gaba.

Alhaji, da girmamawa, sassaucin da ka ambata kariya ce a kotu idan mai waƙa ya kai ƙara, kuma alƙali abu huɗu yake aunawa: dalilin ɗaukar, irin aikin, yawan abin da aka ɗauka, da ko ya taɓa kasuwar mai shi. Kwamitin makaranta ba kotu ba ne. Idan ƙa'idarsu ta ce kada a sa waƙa sai da izini a rubuce, da ƙa'idarsu za su kama shi.

Maman Uku:
Malama, takardu kam sun sa hannu, har ni na sa, sun kai shafi ashirin, wa zai zauna ya karance su? Maganar maki ban sani ba, zan tambaye shi. Kawun nasa launi ya gyara da sauti, sai kuma ya ɗan sake jera wuraren. Amma labarin nasa ne, ɗaukar tasa ce, kakarsa ce. Mu a gidanmu in yaro ya ɗauko kaya ba a tsayawa kallonsa. Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka.

Tsohon Edita:
Hmm. "Ya ɗan sake jera wuraren." Hajiya, wannan ai shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Shekara tara na yi ina editin a Kano kafin na baro. Furodusa zai kawo maka shirme cike da faifai, ka kwana goma ba barci, janareta na shan man aljihunka, ka fitar masa da labari daga inda babu labari. Ranar da fim ya fita ka duba jerin sunayen ƙarshe ka ga an sa ƙanen matarsa a matsayin edita. Akwai wanda har yau nake binsa kuɗin fim uku, ya je Umra sau biyu a kan idona. Shi ya sa in na ji an ce edita "ɗan taimako" ya yi sai raina ya ɓaci. An ma sa sunan kawun a ƙarshen fim ɗin?

Maman Uku:
Ba a sa ba. Shi ya ce kada a sa, wai don yaron ya samu yabo. Ka ga ai ba wanda aka zalunta.

Hajiya 'Yar Zongo:
Ni dai tun farko da kin ji maganar maigidanki. Nawa ma haka ya taso wai shi kiɗa, na biya masa makarantar wata uku, yanzu kayan suna ƙarƙashin gado suna shan ƙura, shi kuma yana aikin sito. A Kumasi da muka taso wa ya isa ya ce wa uwarsa fim zai karanta? Ki je ki ɗauko ɗanki kawai, ki yi sadaka, Allah ya mayar miki da alheri. Kuma ki duba abokansa a can ɗin, kwana shida ma yaro yana lalacewa bare mako shida.

Alhaji Mai Tasi:
Malama, ke ma'aikaciyarsu ce, dole ki kare su. Ni 'yata aka taɓa yi wa haka a sakandare, wai rubutunta ya fi ƙarfinta. Na ajiye mota rana guda cur, na je na buga tebur, washegari suka ba da haƙuri. Kuma Hajiya, batun jami'a kada ya dame ki. Tun 2021 fom ɗin Common App, wanda ake cikewa don neman gurbi a jami'o'i da yawa lokaci guda, ya cire tambayar ko an taɓa ladabtar da ɗalibi a makaranta. Ba wanda zai sani. A bar kaza cikin gashinta.

Malamar Kwaleji:
Gaskiya ne sun cire daga ɓangaren da kowa ke cikewa, amma kowace jami'a tana da damar yin tambayar a nata ɓangaren, kuma akwai masu yi. In kuma shirin na maki ne, za a nemi takardar sakamakonsa, sifili ko kora ba sa ɓuya. 'Yarka, Alhaji, ita ta rubuta abinta, shi ya sa buga tebur ya yi aiki. A nan uwar da bakinta ta ce kawu ya jera fim.

Wani abu kuma, 'yar'uwa: kada ki yi mamaki in kin kira sun ƙi yi miki bayani. A dokar FERPA ta 1974, mai kare sirrin takardun ɗalibai, wanda ke karatu a jami'a ikon takardunsa yana komawa hannunsa ko bai kai 18 ba. In an yi masa rajista a matsayin ɗalibinsu, ya rubuta musu cewa ya yarda a yi magana da ke, ya kuma tambaya ko za ki iya zama kusa da shi ranar Alhamis.

Ɗalibar Fim:
Anti, ina wuni. Na yi irin wannan shirin kafin na shiga jami'a, yanzu fim nake karanta. Don Allah kada ya musa. Ba a kawo hujja a irin wannan, kwamfuta za su ajiye masa su ce buɗe aikinka. Ko da manhajar editin ta Premiere ya yi ko ta DaVinci Resolve, fayil ɗin aikin yana nuna kowane yanka da inda aka ɗauko shi. In kawu ne ya yi a Kano, abin da ke hannunsa gamammen bidiyo ne kawai, ba yanka ko ɗaya a ciki. Ina jin ta nan ma malamin ya gane. Sannan za su tambaye shi me ya sa ka yanke a nan ba can ba, wanda bai yi ba ba zai iya amsawa ba.

Ba wai an hana taimako ba ne. A namu, 'yan ajinmu ne suka riƙe min kyamara da makirfo, na riƙe musu, kowa sunansa ya fito a ƙarshe. Amma rubutu da ba da umarni da editin su ake ba ka maki a kai, dole su zama naka. Na waje kuma sai malami ya sani tun kafin a fara. Waƙa kuwa izini biyu take buƙata, na wanda ya tsara ta da na wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Shi ya sa ake ba mu rumbun kiɗan da makaranta ta biya, ko mu nemi na Creative Commons, wato wanda mai shi ya ba kowa izinin amfani da shi bisa sharaɗi, mu rubuta sunan mai shi. Shawarata, har yanzu yana da ɗanyun hotunansa. Ya zauna daren nan ya haɗa nasa da hannunsa ko bai yi kyau ba, ya cire waƙar, muryar kakar ma ta isa. Ya shiga da shi ya ce ga abin da ya faru, ga nawa.

Maman Uku:
Waƙar ba za ta ciru ba, 'yata. Tsohuwar waƙar kalangu ce da Hajiya ke sa wa a rediyonta kullum da hantsi, mawaƙin ma ya daɗe da rasuwa. Wa za mu je mu tambaya, kabari?

Tsohon Edita:
Magadansa. Ko a dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Mu ne dai muka mayar da waƙar mamaci kayan tsintuwa. Iyalan mawaƙan nan wasu suna cikin halin da ba ya faɗuwa, muryar ubansu kuwa tana tashi a kowane biki.

Alhaji Mai Tasi:
Ku kuna ta ɗora wa baiwar Allah laifi. Yaro ya shiga da sabon fim a hannu ai ya kai kansa mahauta ke nan. Hajiya, ni dai na faɗa miki. Shiru, lauya, shi ke nan. Kuma ki nemi kuɗinki, ba su haska fim ba ai ba su cika alkawari ba.

Maman Uku:
Bari in faɗi gaskiya tunda abin ya zo nan. Ba shi ya tura wa kawun ba, ni ce. Ya kira ni cikin dare yana kuka wai na kowa ya fi nasa, 'yan ajin wasu tun suna shekara goma suke da kyamarar gaske, shi da waya ya koya. Na ce ya sa min komai a Google Drive in gani, ni kuma na tura Kano. Da fim ɗin ya dawo gyararre yaron ya yi ta ja, ni na ce ya miƙa. Wace uwa ce za ta ga ɗanta zai kunyata a gaban mutane ta naɗe hannu? Kuma 'ya'yan masu kuɗin nan ku ce min ba a taya su? Abin da ke tsorata ni, a mako na biyu sun taɓa ba shi takardar gargaɗi, wai ya je ɗauka a bakin layin dogo ba izini. Wannan ai ya wuce.

Ɗalibar Fim:
Anti, bai wuce ba, yana cikin fayil ɗinsa. Layin dogo kuwa ba sa wasa da shi. A 2014 a jihar Jojiya jirgin ƙasa ya kashe wata mataimakiyar mai kyamara a kan gada, saboda sun shiga ɗauka ba izinin masu layin, daraktan har gidan yari ya je. Wannan zai zama na biyu ke nan, in ya ƙara da ƙarya na uku.

Malamar Kwaleji:
To ai wannan ne ya kamata ki fara faɗa. Ki rubuta musu yau cewa ke kika tura, da yadda aka yi. Ba zai wanke shi duka ba tunda shi ya miƙa, amma kwamiti yana bambanta yaron da ya shirya maguɗi da wanda uwa ta matsa wa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yar'uwa.

Maman Uku:
In na rubuta, babansa zai gani, imel ɗinsa ne na biyu a fom ɗin. Bai ma san an kira zaman ba, yana ta shirin zuwa kallo ranar Asabar, har ya gayyato abokinsa. Malama, ba ki san gidana ba.

Alhaji Mai Tasi:
Kin gani ko? Ba rubutu. Duk abin da ka rubuta wa Bature ya zama igiya a wuyanka.

Hajiya 'Yar Zongo:
Ki gaya wa maigidanki tun kafin ya ji a waje. Ni nawa a bakin maƙwabciya ya ji kuɗin makarantar kiɗan, wata biyu ba ya cin abincina.

Maman Uku:
Na gode muku duka. Na kira yaron sau huɗu bai ɗauka ba, sai saƙo ya turo wai yana ɗakin kwamfuta, in daina kira. Ban san me yake yi a can ba. Alhaji, irin lauyan da kake faɗa, nawa suke karɓa a rubuta takarda ɗaya?