Wace VPN za ta yi wa kwamfutar tebur a Gadarif?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙe wa kawuna lissafin cinikin riɗi a nan Gadarif da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10, da dare kuma ina ɗan karatu da ita ta intanet. To wasu shafukan da zarar sun ga adireshin Sudan sai su rufe ƙofa, duk da cewa Amurka ta janye yawancin takunkuminta tun 2017.

Na saka wata VPN ta kyauta (manhajar da ke ɓoye adireshin intanet na mutum, ta nuna kamar daga wata ƙasa yake shiga), sai talla ta cika min allo, ga tafiyar hawainiya. Ko da yaushe sai ta yanke, balle layinmu da ma ba ƙarfi gare shi ba. Na cire ta, don ban yarda bayanan kasuwancin mutane su riƙa bi ta hannun wanda ban sani ba.

Yanzu biyu nake dubawa. Proton VPN ta Suwizalan tana da tsarin kyauta marar iyakar data. Mullvad ta Suwidin kuwa Yuro 5 ce a wata, ko imel ba ta nema, lamba kawai za ta ba ka. Nan ne gizo ke saƙar: ba ni da katin biyan kuɗi na waje, kuɗina duk fam ne a bankin gida.

Wanda ke Kasala ko Mai Wurno ya taɓa biya, ta wace hanya ya bi? Sannan a kan layi mai rauni, cikin hanyoyin da VPN ke haɗa kwamfuta da intanet, WireGuard ta fi OpenVPN jurewa da gaske? Don Allah a taimaka.